Ranar da Mars Ta Sace Min

Kafin in fara, bari in amsa wa masu cika min akwatin saƙo da cewa in haƙura da Nairi in nemi daidai da ni. Na gani, na karanta, ba zan haƙura ba. Wanda ya gaji da labarina, ga hanya nan.

Ga waɗanda yau suka shigo kuma: sunana Efraín Zamudio, shekarata ashirin da shida, a unguwar Pacoima na tashi, a bayan shagon facin taya na Kawu Lencho, yayan mahaifiyata. Aji ɗaya ya rage min in gama sakandare na ajiye jaka, domin zaman kujera na awa shida ba ya cikin jinina. Da rana in cire taya, in an rufe shago in koyi rubuta manhaja a tsohuwar kwamfutar Kawu. A haka na lallaɓa har na faɗo cikin masu tuƙa mota a duniyar Mars.

Motar tana can, mu muna nan. Ba sitiyari, ba birki. Saƙo yakan yi minti goma sha wani abu a hanya, don haka ba a tuƙa ta kai tsaye. Sau ɗaya a rana take turo hotuna, manhajarmu ta harhaɗa su ta gina ƙasar wurin a kan allo, da duwatsunta da yashinta da gangarenta. Direba ya zana hanya, manhajar ta gwada tafiyar da motar ƙarya, taku bayan taku. In ta hango haɗari ta shafa ja. In komai ya yi kore ta mayar da zanen jerin umarni, a miƙa wa masu manyan eriya su harba. Sunan da muka laƙaba mata Burro, wato jaki, saboda in ta toge ba mai matsar da ita. Mu huɗu muka rubuta ta, kuma kullum sai ɗayanmu ya zauna a ɗakin direbobi yana gadinta.

Nairi Boyajian direba ce. Ranar da ta fara yi min magana, tsaye ta yi a kaina da kofin kofi a hannu ta ce, “Kai ne mai jakin nan? Yana bi ta inda bai gani ba.” Ta ce in rubuta masa doka: duk gurbin da kyamara ba ta hango ba, kada a bar taya ta taka shi. Kwana uku na yi ina rubuta dokar. Kwana na huɗu na tambaye ta ko tana cin tacos, abincin mutanenmu.

Mahaifinta shi ne matsalar. Baron Vahe, haka mutanensu Armeniyawa ke girmama dattijo, shekara arba'in yana gyaran agogo a Glendale. Haɗuwarmu ta farko tambaya biyu ya yi min.

“Wace jami'a?”

“Babu.”

“Wace kwaleji?”

“Ita ma babu.”

Ya dube ni kamar agogon da aka kawo masa ba hannu, ya koma kan aikinsa. Shi a ransa ya riga ya zaɓa mata Dakta Razmig, likitan haƙori, wanda ko gaisuwa zai zo sai ya iso saura minti biyar ya zauna a mota yana jiran lokaci ya cika.

Wata takwas Nairi da mahaifiyarta Digin Sirvart suna lallaɓa shi. Ran wata Alhamis da yamma ina kan kujerar gadi, saƙonta ya shigo:

“YA YARDA KU ZO!!! Asabar sha huɗu ga wata mai zuwa, ƙarfe shida. Ya ce shida, Efraín. Ba shida da minti ɗaya ba.”

A al'adarsu, dangin saurayi za su zo da furanni da cakulan da kwalbar barasar ƙasarsu. Za a zuba wa kowa shayi, amma ba mai kai kofi baki sai uban yarinya ya ce ya bayar. In ya ƙi, a kwashe shayin yadda aka kawo shi.

Yanzu ku saurara da kyau, domin a nan na kashe kaina.

Ranar Mars, wadda muke kira sol, ta fi tamu tsawo da kusan minti arba'in. Wata ukun farko bayan saukar mota, dukkanmu da agogon Mars muke rayuwa. Yau ka shiga aiki ƙarfe biyu, gobe uku saura ashirin, jibi uku da ashirin, haka za ka yi ta zamewa har ka zagayo. Tagar ɗakina na liƙe ta da baƙar leda. A hannuna akwai agogo mai zoben jan ƙarfe da aka rage wa gudu don ya bi Mars. Wayata ma, da rawar kaina, na sa ta daina nuna min Litinin da Talata, lambar sol kawai take nunawa. Ba wanda ke cewa Asabar a ɗakin nan. Sai dai sol kaza.

Da saƙon ya shigo muna sol talatin da huɗu. Na ɗaga kai na ƙirga a kalandar bango: kwana talatin da bakwai. Na haɗa da talatin da huɗu, saba'in da ɗaya. Na buɗe jadawalin aiki na rubuta: sol 71, Efraín ba ya nan, ko sama za ta faɗo. Na kira Mama na ce mata Asabar sha huɗu ga wata. Daga nan na daina tunanin Asabar, saba'in da ɗaya kawai nake gani.

Abin da na manta, ni da nake koya wa sababbin zuwa wannan lissafi, shi ne mintoci arba'in ɗin nan suna taruwa. Cikin kwana talatin da bakwai sun cika rana guda cur.

Sol saba'in, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ina zaune da baƙar rigar aiki mai tabon miya, ina murmushi ni kaɗai ina kallon hoton da Nairi ta turo na farantin ganyen inabi da aka naɗe da shinkafa, a raina ina cewa mutanen nan tun yau suka fara girki. Sai ga kiran Mama.

“Ɗana, kana ina? Kawunka ya wanke mota har da tayoyi. Kwat ɗinka na goge ta tana rataye.”

“Mama, ai gobe ne.”

“Goben wa?”

“Sol saba'in da...”

“Kada ka yi min yaren taurari, Efraín. Yau Asabar. Na saka koriyar rigata, na je an gyara min gashi, mai furanni ya kawo. Yau sha huɗu.”

Na juya na kalli kalandar bango. Wallahi ga ta nan: Asabar, sha huɗu.

Na kira abokan aikina uku. Ɗaya ya sauka daga gadi da safe, wayarsa a kashe. Ɗaya tana San Diego wajen bikin ƙanwarta. Na ukun matarsa na naƙuda. Na ce to, ba komai, tafiyar yau gajera ce, mita talatin da biyu. In an gama gwaji ƙarfe biyar, in sa hannu in fice, sauran karatun umarni ba sai da ni ba.

Biyar saura ashirin, Burro ta shafa ja.

Direban ranar Dakta Hollis ne, dattijo mai furfura da ya tuƙa motoci biyu kafin wannan. Bai taɓa kirana da sunana ba.

“Mai Taya! Zo ka ga jakinka ya sake togewa.”

Na matsa kusa da allon. A mita na ashirin da uku akwai dutse kamar girman akwatin kaya. Hanyar da ya zana ta zagaya bayansa, kuma tayar dama ta tsakiya za ta taka wani gurbi da dutsen ya kare wa kyamara. Baƙin fili ne a kan allo, bai fi faɗin tabarmar ƙofa ba.

“Rabin mita ne,” in ji shi. “Ko'ina a wurin shimfiɗaɗɗen dutse ne, dubi hagu, dubi dama. Na fi shekara ashirin ina kallon ƙasar nan. Sa hannu a tsallake dokar, mu wuce.”

Ku gane: direba ba ya iya tsallake jan Burro shi kaɗai. Sai mai gadinta ya sa hannu cewa manhajar ce ta yi kuskure. Danna maɓalli biyu ne. Da na danna, biyar da minti biyar ina kan titi.

Wayata ta yi ƙara. Nairi.

“Mamarka ta kira Mama. Efraín, ka ce min ba gaskiya ba ne.”

Na rubuta: “Na ƙirga kwana a matsayin sol.”

Ɗigo uku suka yi ta fitowa suna ɓacewa. Can sai: “Zan kashe ka. Taho yanzu.”

Na ɗauki hoton allon na tura mata, ban rubuta komai ba. Minti guda, biyu. Sai ta turo: “Bayan dutsen ne?”

“Eh.”

Ba ta ce taho ba, ba ta ce zauna ba. Ta bar ni da jakina.

“Mai Taya, muna da wa'adi,” in ji Dakta Hollis. “Ƙarfe bakwai masu eriya za su rufe. In muka makara motar za ta wuni a tsaye, masu binciken duwatsu su cinye mu ɗanye.”

“Manhajar ba ta yi kuskure ba, Dakta. Ba wanda ya ga wurin.”

“Ni na ce maka ba komai a wurin.”

“Cewa ka yi. Ba gani ka yi ba.”

Ya cire tabarau ya dube ni. “Na ji an ce yau za ka je neman aure. Ina ƙoƙarin taimakonka ne, yaro.”

Kun san abin da ya fi ƙona min rai? Gaskiya ya faɗa, taimakona yake. Kuma wataƙila ba komai a bayan dutsen. Amma na tuna a shagon Kawu, ba a sakin mota sai ka bi kowane ƙusa da hannunka ka ji ya ɗauru, ko da kai ka ɗaura shi minti biyar da suka wuce. Takardar makaranta ba ni da ita. Sa hannuna kaɗai nake da shi, kuma ba zan ɗora shi a kan abin da ban gani ba.

“A sake zana hanya ta gaban dutsen,” na ce.

Ya yi tsaki, ya mayar da tabarau. “Jaki ya haifi jaki,” ya ce, ya ja kujera.

Sabuwar hanya ta ƙara mita shida, ta taɓa gefen yashi. Burro ta sake shafa ja. Muka matsar da ita taku biyu. Gwaji ɗaya minti ashirin da biyar yake ci, kuma tun da an taɓa hanya dole in zauna har ƙarshe. Ina kallon motar ƙarya tana rarrafe a kan allo, agogon bango yana gudu. Shida ta buga ina zaune. Saƙon Kawu Lencho ya shigo: “Mun shiga. An zuba shayi. Tsohon yana kallon agogo, agogon ma yana kallonsa. Akwai guda goma sha ɗaya a falon, na ƙirga.”

Shida da ashirin komai ya yi kore. Aka karanta umarni ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa. Bakwai saura minti takwas aka miƙa. Ban tsaya jin tafi ba. Ina fita na ji Dakta Hollis a bayana: “Mai Taya! Ka canja rigar nan!”

Bakwai da ashirin da biyar na tsaya a ƙofar gidan. Kawu yana jingine da motarsa riƙe da kwat ɗina mai ruwan bula. A gefen titi na cire rigar aiki na zura farar taguwa, ya ɗaura min lakataye yana zagina ƙasa-ƙasa.

“Shekara hamsin da takwas, ban taɓa zama gaban shayi awa ɗaya da rabi ban sha ba. Na ba shi labarin taya, na ba shi labarin kakarka, har labarin karen maƙwabta na ba shi. Ɗaga haɓarka, sakarai.”

Falon ya yi ƙamshin gasasshen nama da furanni. Teburi cike da abincin da ba a taɓa ba. Ƙananan kofuna masu zoben zinare a gaban kowa, shayin ya yi baƙi ya kwanta. Mama tana zaune a miƙe cikin koriyar rigarta, jakarta a kan cinya, ko kallona ba ta yi ba. Nairi na tsaye a bakin ƙofar kicin cikin doguwar riga ruwan hoda mai duhu, da 'yan kunnen kakarta, idanunta sun yi ja. Baron Vahe yana kan babbar kujera, da baƙar kwat, agogon aljihu a buɗe a kan gwiwarsa.

Na gaishe shi. Ya dubi agogon.

“Awa ɗaya da minti ashirin da bakwai,” ya ce. “An yi haɗari a hanya?”

“A'a, Baron Vahe.”

“Wani ya mutu?”

“A'a. Na yi kuskuren lissafi. Na ɗauka gobe ne.”

Kawu ya rufe ido. Na san so yake in ce cunkoson motoci.

“Gobe,” in ji tsohon. Ya juya wajen Mama. “Doña Amparo, ki gafarce ni, ke ba ki da laifi. Amma ni mutum ne da ke gyara wa jama'a daƙiƙa. An kawo min wanda ya ɓatar da rana guda.” Ya dawo kaina. “Da ka gane kuskurenka, ƙarfe nawa ne?”

“Huɗu da kwata.”

“Daga wurin aikinku zuwa nan minti ashirin da biyar ne.”

Sai na gaya masa. Dutsen, da baƙin gurbin, da sa hannun. Ban ƙawata ba.

“To akwai rami a bayan dutsen?”

“Ban sani ba. Sai gobe in hotuna sun zo.”

“Ba ka sani ba.” Ya rufe agogon, ƙas. “Ka bar mahaifiyarka tana zaune a gidan baƙi cikin kunya, saboda ramin da ba ka san ko yana nan ba.”

“Eh.”

“Da za a sake, me za ka yi?”

Na ji idon Mama a kaina a karon farko. Na san amsar da za ta buɗe ƙofa. Bakina ya ƙi ɗaukarta.

“Lissafin zan gyara, Baron Vahe. Wannan laifina ne, na karɓa, kuma ina neman gafarar kowa a ɗakin nan. Amma sa hannun, ko sau ɗari aka sake ba zan sa ba.”

Ya gyaɗa kai a hankali, irin na wanda ya ji abin da dama yake jira. “Razmig bai taɓa sa ni jira ba,” ya ce. “Sirvart, shayin ya huce. A kwashe.”

Digin Sirvart ta tashi da faranti. Ta ɗauki kofin Kawu. Ta ɗauki na Mama. Ta miƙa hannu za ta ɗauki wanda aka ajiye a gurbina.

Nairi ta riga ta.

Ban ga lokacin da ta baro ƙofar kicin ba. Ta ɗaga kofin, ta kalli mahaifinta ido cikin ido, ta shanye shi tas, har da gutsin ganyen da ya kwanta. Ta yamutsa fuska, domin shayin da ya yi awa ɗaya da rabi ɗaci ne zalla. Ta ajiye kofin a gabansa.

“Nairi!” in ji mahaifiyarta.

“Dokar da ta riƙe shi, ni na sa shi ya rubuta ta, Baba. Ni na ce kada a taka inda ba a gani ba. Ka san a ina na koya? A shagonka. Ina 'yar shekara tara wani ya zo yana sauri ya ce ka canja masa batir kawai, ka ce ba ka mayar da agogo sai ka buɗe bayansa ka gani. Ya zage ka ya tafi, ka ce ya tafi ɗin.” Ta nuna ni da hannu. “Lissafinsa na jaki ne, wannan ni zan yi maganinsa. Amma da ya sa hannun nan ya iso ƙarfe shida, da kai ka sha shayinka, ni ce ba zan sha ba.”

Agogo goma sha ɗaya suna ta bugawa, ba mai motsi. Ban taɓa sanin agogo yana da ƙara haka ba.

Baron Vahe ya daɗe yana kallon kofin da ba komai a ciki. Sannan idonsa ya sauka a wuyan hannuna.

“Wannan fa? Tun da ka shigo nake ganin ƙarya yake yi.”

“Na Mars ne. An rage masa gudu.”

“Miƙo.”

Na kwance na ba shi. Ya kara a kunne, ya juya bayansa, ya ɓata fuska. “Wa ya yi wa agogo wannan wulaƙanci?” Ya ajiye shi a kan tebur kusa da nasa na aljihu, ya buɗe na aljihun. Sannan ya ɗauki kofinsa, wanda har yanzu ba a kwashe ba. Bai kai baki ba. Matarsa ya miƙa wa.

“Ni ba na shan shayi mai sanyi. Ɗora sabo.”

Digin Sirvart ta kusa tuntuɓe da kafet wajen shiga kicin. Muka ji ta kunna murhu.

“Butar nan minti huɗu take yi kafin ta tafasa,” in ji shi, ya nuna min kujerar da ke gabansa. “Zauna, Efraín. Kafin ta yi fito, ka fahimtar da ni yadda mutum mai agogo a hannu yake ɓatar da rana guda. In na gane, zan sha.”

Karo na farko ke nan da ya kira sunana. Na ja kujera, na jawo agogunan biyu gabana na jera su kafaɗa da kafaɗa. A kicin, ruwa ya fara motsi.